Tsohon da ke wanke ɗankwali nawa ne

Mas Danang,

Na fita. Ban tashe ka ba, don in na ga fuskarka yanzu ban san abin da zan aikata ba.

Shugabata a kamfaninmu na talla, Bu Sulastri, ta kira ni da sassafe. Ta ce, "Ratri, ashe a talabijin kike kwaso mana aiki?" Ban gane ba sai da ta turo min kashin jiya na wasan da kake rubutawa. Ga jarumarka a ofishinsu tana gabatar da tallar sabulu: tsoho yana wanke ɗankwalin marigayiya matarsa duk Juma'a.

Tallata ce, Mas! Sati uku ina fama da ita. A teburin cin abinci na gwada maka, kana kurɓar kofi kana cewa ta yi kyau. Yau ƙarfe sha ɗaya za mu nuna wa masu sabulun, ga shi duk Jakarta ta riga ta gani. Ni za a kira ɓarauniya.

Na san kullum sai kun fitar da sabon kashi. Da ka saka rigimata da mahaifiyarka a wasan, har da farantin da na fasa, na haɗiye. Wannan kuwa aikina ne.

Ka kira Bu Sulastri kafin tara, lambarta na jikin firji. Ka faɗa mata da bakinka wanda ya yi satar.

In ka rasa labarin gobe, ga shi kyauta: matar ta tafi Bogor wurin uwarta. Duba ƙarƙashin gado, akwatin kayana ba ya nan.

Ratri