Yanyawa Mai Ƙafa Uku

Gefen Bala, Wales
14 ga Mayu

Zuwa ga Yayana Idwal,

Gaisuwa mai tarin yawa daga tsohon gidanmu zuwa gare ka can Alberta, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Loreen da yara. Allah ya ƙara maka sauƙin gwiwar da aka yi wa aiki, ya kuma sa ka daina gardama da likita ka riƙe sandarka. Mu nan lafiya lau, sai godiya. 'Yata Gwenno tana nan tana aikin jinyarta a Wrexham, takan leƙo uwarta ranar Lahadi ta cinye mini burodin zabibi ta koma. Goggo Olwen ta cika tamanin da takwas, kunne ya tafi amma bakin yana nan daram. Ranar Ista ta tsare sabon fasto a ƙofar coci ta gaya masa wa'azinsa ya fi igiyar shanya tsawo. Karenmu Mot ya tsufa, sai ya ga dama yake jin fito, amma har gobe babu karen kiwo a kwarin nan da zai koya masa aiki.

Wasiƙarka ta Kirsimeti ta iso, har da takardun da ka ce in sa wa hannu a sayar wa masu dashen itatuwa gonar. Na san na yi maka shiru wata huɗu da ɗoriya. Ba fushi ba ne, so na yi in ga yadda haihuwar tumakin bana za ta ƙare kafin in buɗe baki. Ka ce tun da maigidana Tegid ya rasu, mace 'yar shekara hamsin da tara ba za ta iya da kiwon kan dutse ita kaɗai ba, kuma in taurin kaina ya hana ni ji, to in sayi babbar bindiga irin taka, mai harsashi lamba biyu-huɗu-uku, wadda kake harbin barewa da ita. Haba Yaya! Shekara talatin kana ƙasar da harsashi zai yi ta tafiya har ya gaji ya faɗi bai tarar da kowa ba, shi ne har ka manta gidan maƙwabcinmu Baba Caradog yana gangaren bayan katangarmu ta sama?

Bari in tuna maka abin da ke gabana. Bayan dusar ƙanƙarar da ta binne mana garke shekara biyu da suka wuce, tsofaffin tumaki sittin kacal suka rage cikin waɗanda suka san wurinmu a kan dutse. Can sama babu shinge, kai ma ka sani. Uwa ce ke nuna wa 'yarta inda kiwonmu ya fara da inda ya ƙare, inda ruwa yake, da lungun da ake fakewa in iska ta taso, haka abin yake tun kafin kakanmu. Tunkiyar kasuwa kuwa in ka sake ta can, sai dai ka tafi nemanta wata gunduma. Haƙoran tsofaffin nan sun zube, bana ce hawansu na ƙarshe. In ban samu 'yan tumaki mata talatin sun bi iyayensu sun koyi wurin ba, garken maƙwabta zai mamaye shi, ni kuma in sa hannu a takardarka ko ina so ko ba na so.

Ga kuma abin da ban gaya wa kowa ba sai kai. Wata yamma a Oktoba na hangi jar yanyawa tana ratsa filin ƙasa, ina riƙe da ƙaramar bindigar nan ta Tegid mai lamba ashirin-da-biyu, wadda aka mayar cikin lasisina saboda zomaye. Tazarar ta fi yadi ɗari. Na sani sarai harsashin zomo ba shi da ƙarfin wannan nisa, Tegid ya sha faɗa mini, amma zuciya ta ɗebe ni na danna. Ta yi tsalle, ta saki wani irin kuka, ta faɗa cikin ciyayi. Ni da Mot muka bi jini har muka rasa shi a bakin rafi. A watan Janairu sai ga sawu a kan dusar ƙanƙara gaban akurkin kaji, ƙafa uku da jan ta huɗu. Yaya, nan take na gane ita ce. Yanyawa mai lafiya zomo take kora da ɓera, gurguwa kuwa ba ta da abin kamawa sai wanda bai iya gudu ba. Da hannuna na yi wa 'yan tumakina ɓarauniya, kuma na rantse a ranar cewa da hannuna zan gyara.

Washegari na nemi fom ɗin ƙarin bindiga a wurin 'yan sanda, kuma sai ka rubuta girman harsashin da kake so kafin su ko dube ka. Nan fa kowa ya zama malami. Baba Caradog ya shigo shan shayi ya ce wai 'yar Ifor, wato ni, me ya haɗa ta da wannan wahala, in bar masa ya zo da tsohuwar bindigarsa mai baki biyu a gama. Na ce masa mutumin da ya harbe bokitinsa bara yana rantsuwa yanyawa ce, ai gara ya zauna ya ci biskit. Ya ce bokitin ma ai bai sake motsi ba. Emyr mai shagon bindigogi ya jera mini harsasai huɗu a kan kanta. Na farko ɗan siriri ne, mai lamba sha-bakwai, ga gudun tsiya. Na tambaye shi in iskar kwarinmu ta mare shi fa, sai ya yi dariya ya mayar da shi aljihu. Da muka zo kan naka ya ce wannan zai kayar da yanyawa ya wuce neman wata a ƙauye na gaba, ƙararsa kuma ta sa tumaki masu ciki su watse. Saura biyu, bindiga mai biyu-biyu-uku da mai biyu-biyu-biyu. Shi ya fi son ta farko don harsashinta ko'ina ana samu. Ya kai ni filin gwaji yana tsaye a kaina na harba duka. Ta biyun ta zauna mini a kafaɗa kamar tsohon takalmi a ƙafa, na zuba biyar cikin faɗin murfin kwalba daga yadi ɗari da hamsin. Ita na rubuta, da harsashi mai tarwatsewa da zarar ya taɓa wani abu, don kada ya daki dutse ya kama gabansa.

A watan Maris aka turo jami'ar 'yan sanda ta duba gonar. Ta zo da takalmin gari, na ara mata na roban Tegid, tana tafe suna ƙwal-ƙwal. Amma ta san aikinta. Ta tsaya a filin ƙasa ta dubi gangaren nan mai laushi ta ce nan ko rumfa na kafa ba ruwanta, don harsashi a ƙasa zai nutse. Da muka hau katangar sama ta ce in ban ga ƙasa a bayan abin da zan harba ba, in cire yatsana. Na ce mata maigidana ya riga ta faɗa da shekara talatin. Takarda ba ta fito ba sai sha biyu ga Afrilu, an riga an yi mako ana haihuwa, gurguwar ta ɗauke mini biyar.

Kwana biyu da karɓo bindigar, gari ya fara wayewa, ina kwance bayan dammunan ciyawa, sai ga ta. Ta hau kan katangar sama ta zauna, yadi tamanin, ko makaho ba zai kuskure ba. Na ɗora ta a tsakiyar madubin hange, ina ganin ƙafar a lanƙwashe. Bayanta babu komai sai sarari, da hayaƙin murhun Baba Caradog yana tashi. Yatsana yana kan kunamar bindiga, Yaya, zuciyata tana cewa sau ɗaya ne, wa zai sani? Na tuna haka ta ce mini a Oktoba. Na cire yatsa. Ina kallo ta diro ta bayan tumaki inda ba halin harbi, ta cafke ɗaya daga tagwayen tsohuwar tunkiyar nan Kunne-Ɗaya, ta haura da ita. Uwar ta yi ta kuka har rana ta ɗaga, ni ma na taya ta, ba zan ɓoye maka ba. Da na ƙirga matan, talatin cif suka rage, ko ɗaya babu ta asara.

A ranar na daina jiran ta zaɓa mini wuri. Ni da Mot muka kwashe sauran garke muka kai kusa da gida, na bar masu tagwaye kaɗan a filin ƙasa, daidai ƙarƙashin gangaren, yadda duk ta inda ta ɓullo ƙasa ce a bayanta. Safiya uku ina kwance cikin raɓa, ƙuguna yana zagina, ba ta zo ba. Baba Caradog ya aiko cewa wai ko in kai mata shayi ne. Ta huɗu ta zo, tana ɗingishi ta bakin rafi, ta tsaya tana shinshina iska, yadi ɗari da ashirin. Na duba bayanta sau biyu, na saki numfashi, na danna. Ta zube a inda take, ko shure-shure ba ta yi ba. Tumakin suka ɗaga kai suka koma kiwonsu.

Da na isa gare ta na fara duba cikinta, na ga ba ta shayarwa, na gode wa Allah da ban bar wasu da yunwa a rami ba. Fata ce da ƙashi. A kafaɗar gurguwar ƙafar na ji wani ƙullutu, na sa wuƙa, sai ga ɗan harsashina na Oktoba ya baje kamar maɓalli. Wata shida tana yawo da shi. Baba Caradog ya so a rataye ta a shinge yadda aka saba, na ce a'a, wannan ba abin nunawa ba ce. Na haƙa rami a gindin gangaren na rufe ta. Harsashin yana kan tagar kicin, inda nake ganinsa kullum in ina wanke kofi.

Saboda haka ga takardunka nan na mayar maka yadda suka zo, babu hannuna a kai, kada ka ji haushi. Jiya muka buɗe wa tumaki ƙofar hawa dutse. Kunne-Ɗaya ce a gaba da 'yarta guda da ta rage, ba ta ko waiwayo ba, ta miƙe sak zuwa idon ruwan da babanmu yakan zaunar da mu mu ci burodi. Na tsaya a ƙofa ina ƙirga ƙananan suna wucewa, talatin, kowace a gindin uwarta.

Ka gaida Loreen, ka ce mata safar ulun da ta aiko ita ta cece ni a raɓar nan. Ka gaida Osian da amaryarsa, da Mabli, ka ce ta rubuto wa goggonta ko layi biyu ne. Goggo Olwen tana gaishe ka, ta ce ka rage ƙiba. Gwenno ma tana gaisuwa, haka Baba Caradog, wanda har yanzu bai san safiyar da hayaƙinsa ya ci mini 'yar tunkiya ba. In Allah ya kawo ka a Agusta ka zo da sandarka, zan hau da kai a hankali, ka ga jan tambarin gidanmu a kafaɗar 'yan bana, suna kiwo a inda ka bar kakanninsu.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Menna