Ranar da Baba Ya Sake Kaɗa wa Mace Ganga

Kowloon, watan Agusta, 1988

Zuwa ga Yayana Chi-Keung,

Gaisuwa mai tarin yawa tare da girmamawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Mei-Fong da yara, kuma ciwon bayan nan ya sake ka. Jiya na kunna turare gaban hoton Mama, na roƙa muku lafiya da tsawon rai. Mu ma nan kalau muke. Inna Siu-Ha ta samu jika mace, sai fariya take wai hancinta aka ɗauko.

Wasiƙarka ta iso, na ga maganar ɗauko Baba ya koma wajenka Vancouver. Ban ga laifinka ba, don ni na rubuta maka cewa tun rasuwar Mama, shekara uku ke nan, ba ya fita, kunun shinkafa ma sai na yi da gaske yake sha. Amma ka dakata da takardun nan tukuna, ka ji abin da ya faru.

Ka san ina ɗinkin kaya a kamfanin fim. Wanda muke yi yanzu labarin wata fatalwa ce da ta nutse a mashigar kogi, ta kamu da son wani matuƙin kwale-kwale, take kare shi daga aljanun ruwa. Ba ta da takobi, hannuwan rigarta ne makaminta. Ni na yanka su da farin siliki, kowanne kamu shida, irin yankan da Mama take yi wa nata lokacin da take wasan dandali. To, yarinyar da ke fitowa a fatalwar, Lai-Kuen, kwana huɗu tana fama. Da masu jan wayar da ake rataye ta da ita sun ɗaga ta sama sai hannun rigar ya naɗe wayar. Darakta ya daka mini tsawa gaban kowa, wai shanya na ɗinka masa ko riga? Ya ce in gobe ba ta yiwu ba zai datse hannuwan, ya nemi wata tela.

Na koma gida ina ƙunƙuni a kan tukunya, ban ma san Baba na ji ba. Sai na ji muryarsa daga ɗaki: “Ba laifin riga ba ne. Wa ke yi mata kiɗa?” Na ce babu kowa, ai a fim daga baya ake sa kiɗa. Ya ja tsaki ya ce, “Shi ya sa. Makafi ke jan gurguwa.” Da safe na tarar da shi a bakin ƙofa, ya yi aski, ya sa takalmi.

Yaya, da ma kana wurin. Rana tsaka ce, amma cikin zauren ɗaukar fim ɗin duhu ne da hayaƙi, ga manyan fankoki, ga ƙarti shida riƙe da igiya. Darakta ya tambaye ni ko gidan tsofaffi na mai da wurin. Baba bai ko dube shi ba. Ya kife akwatin katako, ya zaro tsinken cin abinci biyu daga aljihu ya fara kaɗa akwatin da su, ya ce wa Lai-Kuen, “’Yata, daina kallon hannunki. Ki saurare ni.” Ya ce wa ƙartin su ja a bugu na uku, su saki a na biyar. Babbansu, Fei-Lung, ya yi dariya ya ce, “To Kaka, in ta faɗo kai za ka tare ta.”

Sau biyu aka gwada. A na uku yarinyar nan ta tashi. Wallahi na manta akwai waya, ni da na ɗinka mata ɗamarar da hannuna. Hannuwan rigar suka buɗe har kusan rufi, ta juya a iska, ta watsa ɗaya ya fizge mashin aljani, ɗayan ya sauko a hankali ya shafi fuskar saurayin. Darakta ya manta bai ce a tsaya ba, kyamara na ta gudu. Fei-Lung, ƙato guda, igiya a hannu yana share ido da kafaɗa. Lai-Kuen na sauka ta zube gaban Baba ta kira shi Malam. Darakta da kansa ya kawo masa shayi da hannu biyu, ya roƙe shi ya riƙa zuwa har a gama.

A bas muna dawowa yatsunsa sai motsi suke a gwiwa. Sai da muka kusa sauka na tambaye shi ko Mama ta taɓa yin irin wannan. Ya ce a’a, uwarku ƙafarta ba ta taɓa barin ƙasa ba. Sannan ya ce, “Amma shekara talatin ina bayanta da ganga, kullum haka nake ganinta.”

Yau mako biyu ke nan shi ke tashe ni, yana faɗa wai na cika nawa.

Ka gaishe mini da Yaya Mei-Fong, da Wing-Sze da Ka-Lok, ka ce su dage da karatu. Inna Siu-Ha da Kawu Tak-Wah suna gaishe ku. Baba ya ce in gaishe ka, kuma wai ka rage shan taba.

Taka ƙanwa,
Sau-Ying