Muryata Ce Take Cewa “Kwai-Kwai” a Bidiyon

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kada a yi saurin zagina, wallahi na riga ku zagin kaina.

Ni ɗan Kano ne, ina sayen wandunan jins a garin Xintang na ƙasar Chana ina turawa gida. A shagon ɗinkin da nake ba aiki akwai wani ɗan Chana mai buga maɓalli da inji, sunansa ya fi ƙarfin bakinmu, muke ce masa Lawal. Mutum ne mai raha. Ranar da na gaya masa kalmarsu ta “yi sauri”, wato kwai, a wajenmu ta yi kama da abin da kaza ke sakawa, sai da ya riƙe ciki don dariya. Tun daga nan in ya hango ni sai ya kaɗa hannu kamar fuffuke ya ce, “Lawban Kwai-Kwai ya iso!” Lawban shi ne maigida. Yana da ’ya ɗaya kurma, tana makarantar kurame a nan birni, saboda ita ya baro ƙauyensu.

Wata bakwai da suka wuce, ana gab da rufe kwantena, na je na tarar suna hutun cin abincin rana. Mai shagon ya ce wa Lawal ya tashi ya ƙarasa kayana. Ni kuma na ɗaga waya ina ɗaukar bidiyo don in tura wa mai kaya a Kwari, ina ta cewa, “Lawal, kwai-kwai! Kwai-kwai!” Ya juyo zai yi min dariyar nan tasa, injin ya sauka a kan hannunsa. Yatsu uku suka tafi.

Ashe a dokar nan, sai hukuma ta ba da takardar cewa a bakin aiki mutum ya ji rauni kafin a biya shi diyya. Mai shagon ya ce wai Lawal aikin kansa yake yi a lokacin hutu. Da ma’aikatan hukuma suka zo, aka miƙo min waya mai fassara, aka ce, “Ka ga abin da ya faru?” Jama’a, takarduna cikakku ne, amma ni ko ɗan sanda na hango sai in sauya hanya. Ga kayana a hannun mai shagon, yana tsaye yana kallona. Na ce “meyo”, kalmar da suke faɗa mana a kasuwa in kaya babu, wato ban ga komai ba. Wane irin mutum ne ni? Da me zan kare kaina gobe kiyama?

Na gaya wa wani dattijo ɗan Maraɗi da muke salla tare, ya ce, “Ɗana, kai baƙo ne, iliminka firamare, shari’ar Chana za ka shiga? Goge bidiyon nan, ka yi istigfari.” Na sa yatsa zan goge ya fi sau ashirin, na kasa. Istigfari zai mayar masa da hakkinsa?

Makon jiya na gamu da Lawal a kasuwar Shahe. Ya nuna min a waya cewa doka ta ba shi shekara guda ya kai kuka da kansa, kuma yanzu ana duba bidiyon waya a matsayin shaida, amma ba shi da mai yi masa shaida. In bai samu diyyar ba, ƙauye zai koma, can kuwa babu makarantar ’yarsa. Bai zarge ni ba. Da zai tafi ma sai da ya kaɗa min dungulmin hannun nan kamar fuffuke.

Bidiyon ya nuna mai shagon yana ba shi umarni. Amma zai tona cewa ƙarya na yi da aka tambaye ni, kuma muryata ce ta sa ya juyo. In na bayar, za a kama ni? Za a hana ni shigowa ƙasar? In na ɓoye, saura wata biyar ƙofarsa ta rufe, wayar kuma tana aljihuna. Don Allah, me zan yi?