An Ce An Saye Ka

Gaya, 6 ga Oktoba 1957

Zuwa ga jikana, maigidana marar cefane, Sumana.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da ƙafafun nan naka masu kama da muciya. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata. Uwarka na gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutun, ɗan bokon da marigayi kakanka ya koya mini ne, ya tsufa tare da ni.

Wata magana ta hana ni sakat. Baƙo direba ya sauko daga Yamai da kamiyonsa, yana jiran fito a bakin kogi, ya gaya wa duk mai kunne wai wata ekip ta Faransa, ƙungiyar 'yan ƙwallo, ta saye ka. Haka ya ce, saye. Na yi dariya, na ce ai mai sayen ya tafka asara, yaron da ke cinye tuwon mutum uku, ko akuya bai iya ɗaurewa. Da na shiga ɗaki sai dariyar ta ƙare.

Kana lakwal, ƙaramar makarantar nan tamu, ka fasa mini randa da ƙwallon tsumma, na yafe. Ka tafi kolej a Yamai aka ce ba mai iya tare ka, na yi guɗa. Aka kai ka babbar makaranta a Dakar, na sake yin guɗa har muryata ta dishe. Ba wanda ya ce mini hanyar nan kasuwa ta nufa.

Ka rubuto da sauri. Wa ya sayar, wa ya saya?

Ni ce kakarka,
Yalwa

Gaya, 19 ga Janairu 1958

Maigida,

Ina gaishe ka da sanyin Faransa, Allah ya sa kana rufe kunnuwan nan, don suna da faɗi. Takardarka ta iso. Ka ce salon magana ne kawai, takardar kwantara ta aiki ka sa wa hannu, ana biyan ka, an ba ka ɗaki, Nasara na tafa maka. Madalla.

To, saurara. Ranar sunan ɗan Sule, Ajuma maƙwabciyarmu ta tambaye ni a gaban mata ko abin gado ne a gidanmu. Na ce mata ƙwarai, mu a kan nemi namu har Faransa, nata ko Malanbil da ke nan ƙetaren kogi ba a tambaya. Mata suka kwashe da dariya. Ni kuwa ban iya cin abincin sunan ba.

Ka san abin da take nufi? Ba mu taɓa zaunar da kai kan wannan ba. Uwata daga ƙetaren kogi aka kawo ta tana yarinya, saye aka yi. Gidan da ta faɗa ba su taɓa dukanta ba. Ta ci ta ƙoshi, tana da zane, har da awarwaro. In ta yi waƙa wajen daka mutane kan taru su tafa mata. Amma da labari ya zo uwarta na ciwon ajali, sai da ta roƙi izini, aka ce ta bari a gama girbi.

Don haka kar ka lissafa mini ɗaki da tafi. Tambaya ɗaya gare ni. In gobe ka tashi ka ce ka gaji da mutanen nan, za ka koma wata ekip, kana iya ɗaukar akwatinka ka fita ba tare da wani ya yarda ba? I ko a'a.

Kakarka mai jira,
Yalwa

Gaya, 27 ga Afrilu 1958

Sumana,

Ina gaishe ka, ina gaishe da ƙafarka ta dama da aka ce ta ci biyu rana ɗaya. Bargo ya iso, da hoto. Gajeren wandon nan dai bai kamaci mai iyali kamarka ba, amma na yawata da hoton gida gida, na fara da na Ajuma.

Takardar na karanta ta, na juya bayanta, na leƙa cikin ambulan. Akwai dusar ƙanƙara, akwai jirgin ƙasa, akwai sunanka a jarida. Babu i, babu a'a. Sai ɗan layin nan na ƙarshe, da ka ce haka ake yi wa kowa, har 'ya'yan Nasara. Ɗan nan, uwata ma ba ita kaɗai ba ce a gidan.

Ba zan ƙara tambaya ba. Uwarka ba ta san komai ba, kuma ba daga bakina za ta ji ba. A gari kai babban mutum ne, duk wanda ya ce uffan zai gamu da ni. Ka yi wasanka, ka kiyaye gwiwa, ka riƙe takardun karatunka da kyau, su dai naka ne.

Abu ɗaya nake so. Rubuto mini sunan mai ekip ɗin, da manyan baƙaƙe yadda zan iya faɗa. Zan riƙa sa shi a addu'a bayan kowace salla, Allah ya tausasa zuciyarsa, ya sa in na kwanta ciwo ya bar ka ka zo.

Ka huta lafiya.

Kakarka,
Yalwa