Sunan Baba bai fito cikin waɗanda za a goge ba

Barkanku da warhaka 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana tara ke nan ina ɗauke da wani abu ni kaɗai.

Ni ɗaliba ce, ina aikin koyon sana'a na wata shida a wani shagon kayan noma a nan Zuru, ana sayar da iri da taki da maganin feshi, kuma akwai reshe a Danko. Ba ni da yawan magana, shi ya sa Oga ya ajiye ni gaban kwamfuta. Duk wanda ya sayi kaya ana shigar da sunansa da lambar wayarsa da abin da ya saya a cikin manhajar shagon. Oga ya ce damina ta kusa, zai tura wa kwastomomi saƙon waya cewa iri ya iso, amma ba zai ɓata kati a kan waɗanda suka daina zuwa ba. Ya ce in tace duk wanda ya shekara biyu bai sayi komai ba, in goge.

Mahaifina kwastomansu ne tun ina firamare. Shekara uku saura kaɗan da ya tafi gonarsa ta wajen Danko bai dawo ba. An tsinci babur ɗinsa a gefen hanya, shi ke nan. Babu wanda ya kira mu, babu gawa. Mama ta shekara biyu tana ɗaure wayarta a bakin zani, ko wanka za ta shiga sai ta miƙa wa wani ta ce a riƙe kusa da kunne. Da ƙyar Kawu, yayanta, da Fasto suka shawo kanta, aka yi masa addu'ar tunawa bayan Ista. Ta raba kayansa. Yanzu tana cin abinci, ta koma ƙungiyar mata, ran nan har na ji ta tana yi wa akuya faɗa tana dariya.

To na san sunansa zai fito cikin waɗanda za a goge. Na shirya zuciyata, na ce zan ɗauki hoton layin sunansa kafin in danna. Na sa tacewar, sunaye suka fito, yawancinsu na ƙauyukan da mutane suka watse ne, wasu ma na san an binne su. Na jera su bi da bi daga A, na duba, babu shi. Na ce ko na yi kuskuren kwanan wata, na cire na sake sawa har sau uku. Daga nan na cire komai na rubuta lambarsa, wadda na haddace tun ina yarinya, na jera daga sabo zuwa tsoho.

Layin ciniki biyu ne a sama waɗanda ban san da su ba, duka daga reshen Danko. Ɗaya na daminar bara, ƙaramin buhun irin masara. Ɗaya na sati biyu kafin mu yi masa addu'a, kan famfon feshi guda biyu. Duk gidanmu an san Baba da ɓatar da kan famfo. Kullum biyu yake saye, Mama tana cewa wata rana gonar nan kan famfo za ta tsiro.

Na yi ƙoƙarin yin tunani da hankali. Sunansa da A ya fara, shi ne na uku daga sama in an buɗe jerin, don haka mai riƙe da reshen in ya gaji zai iya danna sunan da ya fi kusa. Na gwada, na tace sunaye biyun da ke samansa, babu wani sabon ciniki a kansu. Kuma na san kamfanin waya kan sayar da layin da ya daɗe a kashe, amma ta yaya baƙo zai faɗi lamba a shago kuma ya sayi abin da Baba ke saye? Akwai tunani na uku, wanda ba na so, cewa 'yan bindiga ne suka tare shi, kuma wayar tana hannunsu.

Na kira mutumin da ke riƙe da reshen Danko, na ce ina gyaran bayanai ne. Ya ce, "Ke ɗiyata, ran kasuwa mutum nawa ka shigowa? Wanda ya ba ni lamba in buga, wanda bai ba ni ba in danna wadda na gani." Na tambaye shi ko ya tuna wani dogo mai tabo a goshi, ya ce rabin Danko dogaye ne masu tabo, ya kashe wayar.

Na gaya wa yayana, soja ne, yana nesa. Ya yi mini faɗa sosai, ya ce kwamfuta ba ta tayar da matattu, in na kuskura na mayar da Mama gidan jiya ba zai yafe mini ba. Ya ce in goge sunan in manta. Na ce masa ba ni da ikon goge wanda ya yi ciniki watanni biyu da suka wuce, ya ce to in samo ikon. Tun ranar bai sake ɗaga wayata ba.

Ban kira lambar ba. Na rubuta ta a wayata ya fi sau ashirin ina gogewa. Kullum na zo aiki kafin in share tebur sai na jera cinikin Danko daga sabo zuwa tsoho, in duba ko ya sake zuwa. In na koma gida Mama ta zuba mini tuwo tana tambaya yaya aiki, in ce lafiya.

Oga ya ce ranar Litinin mai zuwa za a tura saƙon, kuma ni ce zan danna. Manhajar tana sa sunan kowa a farkon saƙonsa, sannan ta nuna wanda ya shiga da wanda bai shiga ba. In na bar sunan Baba, zan san ko layin yana raye, amma ban san wa zai karanta ba. In na cire shi, da hannuna na cire.

Ku gaya mini, in bar shi ko in cire? In ya nuna saƙo ya shiga, in gaya wa matar da ta fara dariya wata ɗaya kacal da ya wuce?