Igiya a Gindin Mangwaron Baba

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mama tana gaishe ki.

Injin yankan ciyawar da kika aiko ya iso, Allah ya saka da alheri. Sai dai fa Yaya, kan nan mai yanka da igiyar roba da ya zo da shi ya ishe ni. Ciyawar bayan gida ta kai min ƙirji, karanta ya yi kaurin yatsa. In na yi taku biyar sai igiyar ta tsinke, in kashe inji, in kwance, in naɗa, in sake tayarwa. Tun safe har azahar ban share wurin shimfiɗa tabarma biyu ba! Bakanike ya ce in sa kan wuƙa, yini ɗaya na gama. Ki yi wa Allah ki amince.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Ina amsa gaisuwa. Wuƙa? Kai ɗin? Kai da ko farce ka yanke sai ka haɗa da nama? Mangwaron da Baba ya dasa wata biyu kafin rasuwarsa yana cikin ciyawar nan, kuma ka san yadda Mama take ji da shi. Sau ɗaya hannunka zai goce, shi ke nan. Mai shagon da na sayi injin ya tabbatar min igiya ba ta yanka itace, ko gindinsa ka je da ita babu komai. Son jiki ne kawai yake damunka. Ka ci gaba da igiya, kuma ka share har gindin, kada maciji ya samu maɓoya.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Kin ga shiru mako uku, to takaici ne ya hana ni rubutu.

Na bi maganarki. Kwana huɗu na yi, kafaɗata kamar ba tawa ba. Na zagaye gindin mangwaron tas, igiyar tana ta ɗan lasar jikinsa, ni kuwa hankalina kwance tunda an ce ba ta yanka. Ran nan sai na ga ganyen ya fara yaushi. Na kira mai sayar da dashe. Ya durƙusa, ya shafa gindin, ya ce, “Wa ya yi wannan ɓarnar?” Igiyar ta saɓule ɓawon kewaye kamar zobe. Ya ce ta ɓawo itace yake rayuwa, kuma wannan ba zai tashi ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, da wuƙa ce da tsoro ya hana ni matsawa kusa, da hannu zan cire ciyawar gindin. Ban ce laifinki ne ba, amma ban ce ba naki ba ne.

Mama ba ta sani ba. Kullum da safe sai ta ɗauki buta ta je ta ba shi ruwa, tana cewa zafin rana ne. Jiya ta ce in ƙara masa taki. Na kasa kallon idonta. Wa zai faɗa mata?

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Kada ka ce mata komai. Ni na ce igiya, ni zan faɗa da bakina. Ina hanya ranar Asabar. Takin da ta ce, ka zuba.

Ka yafe min.

Yayarka