Wa Ya Taɓa Mini Kyamara?

Asabar, 7 ga Yuni

An fara bikin titi. Gari ya cika da masu shigar tsuntsaye da kifaye, wasu a kan doguwar ƙafar katako. Na tsaya inda na saba, gindin farin bangon nan mai maido da hasken la'asar a fuska. Ba na kunna filasha, ba na cewa kowa ya tsaya. In mutum ya san ana ɗaukarsa, hoton ya mutu. Wata mai shigar mujiya ta ɗaga fuskar kwalinta tana shayar da jariri. Na same ta!

Litinin, 9 ga Yuni

Ban same ta ba. Editar jaridarmu ta buɗe hotunan a kwamfuta. Gashin rigar ya fito tar, idon matar dishi-dishi. Kusan duka haka. Ta ce, "Malam, in na ranar rufewa suka zo haka, shafin zan ba wani." Wanin na san shi. Ɗan Filasha ne, mai haske wa mutane ido kamar ya kama ɓarawo. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Talata, 10 ga Yuni

Watan jiya na kai gilashin kyamarar wajen mai gyara ya share. Kuma Ɗan Filasha a shagon yake zaman hira. To!

Laraba, 11 ga Yuni

Na je. Mai gyara ya ɗauki hoton kalandar bangonsa da kyamarar tawa, ya miƙo mini. "Ga shi raɗau, yallaɓai." Ni ban ga wani raɗau ba, na gaya masa. Sai ya tsaya yana kallona, wani irin kallo, har ya buɗe baki ya fasa. Mara gaskiya ke nan. Na ce Allah ya isa in ya canza mini wani abu, na fito.

Alhamis, 12 ga Yuni

Ko Maman yara ce? Ba ta ganin abu ta ƙyale, sai ta goge da gefen zani. Na tambaye ta, ta ce, "Ni da kyamararka ko gaisawa ba ma yi." Sai kuma ta ce wai me ya sa nake miƙar da waya can nesa in zan karanta saƙo. Ina ruwan wannan da wancan?

Juma'a, 13 ga Yuni

Ban fita ba. Tsoro nake ji, gaskiya.

Asabar, 14 ga Yuni

Ranar rufewa. Maman yara ta ce za ta bi ni ta riƙe jaka. Ita da ba ta son cunkoso! Na zargi wani abu, amma na miƙa mata jakar.

Wani dattijo mai shigar zakara ya zauna a bakin kwata, ya cire kan zakaran, gumi na zuba, yana ɗaure igiyar takalmi. Hasken ya faɗo masa daidai. Na murza saiti, a ganina ya yi. Sai na ji ta a kafaɗata tana leƙen allon: "Baban yara, ƙara kaɗan. Kaɗan. Tsaya nan." Na so in yi mata tsawa, amma dattijon na shirin tashi. Na danna.

Haka muka yi har rana ta faɗi. Ba mu yi maganar ba a hanya.

Litinin, 16 ga Yuni

Edita ta ce har jijiyar idon dattijon ana gani. Shafin nawa ne. Ban gaya mata wa ya duba mini saitin ba.

Na bi ta shagon mai gyara, hanya ce kawai ta biyo da ni. Na gaishe shi, ya amsa kamar ba a yi komai ba.

Maman yara ta ce jibi za ta asibitin ido, wai in raka ta. Matar da ke zura zare a allura da magariba. Na ce to, zan raka ta.